Allurar baya: tana kashe hanji ko tana tada shi?

Abu Mabera: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nike nema, don Allah masu sani su yi magana. Ranar Litinin za a yi ma Baba aiki ga ciki, za a yanke wani yanki na babban hanji inda anka ga ƙari. Jiya likitan sa barci yaz zo yad duba shi, yac ce ban da barcin da za a sa shi, shina son ya sa mai wata 'yar roba siririya ga baya, a riƙa zuba magani ciki kwana biyu ko uku. Wai tana rage zahi, kuma hanji na saurin tashi. Da nik kai maganar gida Gwaggo tat tada ƙura. Tac ce allurar baya ita tak kashe ma wata maƙwabciyarta ƙahwa, kuma ciki na kumbura ya ƙi motsi. Baba kuwa abin da ƙanwatai tac ce shi na. Takardar sa hannu na nan aljihuna, ban sa ba.

Maman Ikilima: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Haihuwar Ikilima aiki aka yi mini da allurar baya. Kwana uku cikina kamar ganga, ko tusa ta ƙi fita, ga ciwon kai in na tashi zaune kamar ana sara da gatari. Har yau in sanyi ya shigo bayana na ciwo.

Bashar Ɗan Wurno: Allah ya sawwaƙa. Abu, ka bi maganar manya kawai.

Hajiya Matron: Bashar, maganar manya a tuwo da aure ne, ba a ɗakin tiyata ba. Maman Ikilima, 'yata, ki gaya mini: allura ɗaya aka yi miki aka zare, ko an bar roba manne a bayanki da filasta?

Maman Ikilima: Ɗaya ce Hajiya. Na duƙa, aka soka, ƙafafuna suka yi nauyi, shi ke nan.

Hajiya Matron: To wannan sifainal ce. Ba ita ake magana ba. Ina Dakta Sanusi? Wannan gonarsa ce.

Dakta Sanusi: Ga ni Hajiya, yanzu na fito. Abu, Allah ya ba Baba lafiya. Ba ni ne likitansa ba, ban duba shi ba, don haka wanda ya gan shi shi ke da magana ta ƙarshe. Amma bari in raba abubuwan da aka cakuɗa.

Allurar baya iri biyu ce, duk mutane suna kiransu da suna ɗaya. Lakar da ke cikin ƙashin baya tana cikin wata jaka mai ruwa. Sifainal ita ce a huda jakar a zuba magani kaɗan cikin ruwan, a ƙugu. Nan take daga cibiya ko ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, bayan awa biyu zuwa uku ya sake. Ita ake yi wa yawancin mata masu tiyatar haihuwa a nan. Efidural kuwa ba a huda jakar. Ana tsayawa a wajenta, a zura roba mai kaurin zaren kamun kifi, a bar ta, a riƙa ba da magani mai rauni a hankali. Ba sabuwar dabara ba ce, wani likitan sojan Sifen, Fidel Pagés, ya bayyana ta tun 1921. Don aikin hanji, a tsakiyar baya ake sa ta, saitin tsakanin kafaɗu da ƙugu, ba a ƙugu ba. Shi ya sa in ta zauna daidai, ciki ne ke yin sanyi kamar an ɗaura ɗamara, ƙafa kuwa mutum na iya takawa da ita.

Yanzu maganar hanji. Duk wanda aka buɗe wa ciki, hanjinsa zai yi yaji, da allurar baya ko babu. An taɓa shi, an ja shi, iska ta buge shi, sai ya kwanta. Ƙaramin hanji kan farfaɗo cikin kwana guda, tumbi kwana ɗaya zuwa biyu, babban hanji shi ne malalaci, kwana biyu zuwa uku. Shi ya sa muke jiran tusa, ita ce shaidar cewa na ƙarshen ma ya tashi.

Bashar Ɗan Wurno: Wato duk karatun nan na shekara da shekaru tusa kuke jira 😂

Hajiya Matron: Shekara talatin da biyu na yi ina tambayar manyan mutane, masu rawani da masu gemu, "Baba, iska ta fita?" Wani Alhaji sai da ya kori 'ya'yansa waje kafin ya amsa mini. Ka yi dariya, ranar da aka yanka ka za ka san darajarta.

Abu Mabera: Dakta, na gane bambancin. Amma ta yaya magani ga baya zai tada hanji? Ni hankalina ya ba ni abin da ka kashe zahi shi ka kashe motsi.

Dakta Sanusi: Tambaya mai kyau. Ka ɗauki hanji kamar babur, yana da totur yana da birki. Totur wata doguwar jijiya ce da ke saukowa daga kai ta wuya ta ƙirji zuwa ciki, ba ta bi ta cikin ƙashin baya ba sam. Akwai kuma 'yan uwanta da ke fitowa can ƙasa wajen ƙashin mazaunai, masu kula da ƙarshen babban hanji. Birki kuwa jijiyoyi ne da ke fitowa daga tsakiyar baya. Su ne jijiyoyin firgita. In kura ta biyo ka, jiki ba ya ta narka tuwo, sai ya taka wa hanji birki ya tura jini ga ƙafa. To wuƙar tiyata da zafin da ke biyo baya, jiki kura yake ɗaukarsu. Birki ya kame.

Maganin da muke zubawa a robar, irin su bufibaken, yana kwantar da jijiyoyin zafi da na birkin tare, domin hanyarsu ɗaya. Totur kuwa maganin bai kai gare shi ba. Ka saki birki, totur na nan, me zai faru?

Na biyu, wanda ni a ganina ya fi ma muhimmanci a asibitocinmu: wanda ba a sa wa roba ba, da me ake kashe masa zafi? Fentazosin, tiramadol, fetidin, mofin. Duk dangi ɗaya ne, kuma duk suna ɗaure hanji, suna sa tashin zuciya. Mai robar da ke aiki ba ya bukatarsu da yawa.

Maman Ikilima, ina kyautata zaton kumburin naki daga nan ya zo: aikin kansa, da alluran da aka yi ta yi miki bayan sifainal ta sake, da kwanciya wuri ɗaya. Ciwon kan kuwa gaskiyarki, na allurar ne. Ruwan jakar ne ke ɗiga ta hudar, shi ya sa yake tashi in kin zauna ya lafa in kin kwanta.

Fa'iza Famasi: In ƙara a kan maganar Dakta. Ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen magani na duniya su tace, sun fitar da bita a 2016 a kan wannan tambayar daidai. Sun samu cewa efidural mai ɗauke da maganin kashe wuri, irin bufibaken ɗin da Dakta ya ambata, tana gaggauta tashin hanji bayan aikin ciki da kimanin awa 17 in aka gwada da alluran dangin mofin. Kusan yini da rabin dare ke nan. Amma a lura da sharaɗin: sai da maganin kashe wurin a ciki. In mofin zalla aka zuba a robar, zafi zai ragu, hanji kuwa ba ya samun wannan ribar.

Malam Umaru Gwadabawa: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Duk abin ga da kuke hwaɗi, ga takarda shi na da kyau. Bara anka yi ma ɗana aiki, taifot tah huda mai hanji. Ba wanda yay yi muna maganar roba ga baya. Kwana shida da robar hanci, ruwa kore na hita. Ke nan mu talakawa ba a ba mu zaɓi, sai masu kuɗɗi? Kuma asibitin nan ta

Admin Nura: Malam, don Allah ban da sunan asibiti ko na ma'aikaci. Dokar gida ce.

Malam Umaru Gwadabawa: Na ji, na bari. Amma tambayata na nan.

Dakta Sanusi: Malam Umaru, ko ɗan sarki ne ya zo mini da hanji a huje da taifot, ba zan sa masa ba. Yaro ya zo da zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga jini, jiki ya bushe, jini ya sauka. Efidural kanta tana saukar da jini domin tana buɗe hanyoyinsa. Ka ƙara wannan a kan wancan, ka kashe yaro. Ga haɗarin kai ƙwayar cuta kusa da laka. Kuma cikin da ƙazanta ta zuba a ciki, hanjinsa zai daɗe a kwance ko me aka yi. Aikin Baban Abu shiryayye ne, an sa rana, an gwada jini. Ba ɗaya ba ne.

Amma rabin maganarka gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Robar da allurarta saye ake yi, kuma ba ko'ina ake samu ba. Abin da ya fi kuɗin ma wuya shi ne tsaro. Dole a samu mai auna jini a kai a kai har cikin dare, mai duba ƙafa, mai sanin abin yi in jini ya faɗi. Ni kaina akwai ɗakin da ba zan tura mara lafiya da roba a baya ba, ba don nas ɗin ba su iya ba, don mutum ɗaya ba ya tsaron gado ashirin da dare.

Hajiya Matron: Yawwa, yanzu ka zo inda nake jira. Kuma ina da wata. A zamaninmu manyan likitocin fiɗa suna tsoron a tada hanjin da aka ɗinke da wuri. Ɗinki ɗanye, hanji na murɗawa, in ya ɓalle fa? Mu abin da aka koya mana: ba ci ba sha, robar hanci a ciki, sai mun sa abin sauraro mun ji kukan hanji, iska ta fita, sannan cokalin ruwa. Yanzu na ji yara na ba mutum shayi washegarin aiki. Ni ban natsu da wannan ba.

Dakta Sanusi: Hajiya, da girmamawa, ku kuka koya mana riƙon allura. Amma wannan an sake duba shi. Wani likitan fiɗa ɗan Denmak, Henrik Kehlet, shi ya fara tambaya a shekarun 1990: me ya sa mai aikin hanji zai yi sati biyu a gado? Ya haɗa abubuwa: a kashe zafi da kyau ba da mofin mai yawa ba, a ba da abinci da wuri, a tada mutum ya taka, kada a cika shi da ƙarin ruwa, kada a bar robar hanci ba dalili. Tsarin gaggauta farfaɗowa bayan aiki da ake kira ERAS daga nan ya samo tushe. Hanji ko ba a ci komai ba yana zubo ruwansa lita-lita kullum, yana bi ta kan ɗinkin. Rabin kofin shayi ba shi zai ɓalle shi ba. Bitar da Fa'iza ta ambata ma ba ta ga ƙarin ɓallewar ɗinki ga masu efidural ba. Abin da ke cutar ɗinki shi ne jini ya sauka a bar shi a ƙasa, domin nama ba ya haɗewa ba jini.

Hajiya Matron: Na ji, amma ban sauka duka ba. Mutanen Denmak ba sa zuwa asibiti da kwanon tuwo a ƙarƙashin hijabi. Ka ce wa danginmu "a ba shi kaɗan", kafin ka juya an ɗura masa kwano guda. Hana su gaba ɗaya ya fi mana sauƙin tsarewa.

Bashar Ɗan Wurno: Hajiya kamar kina wurin 🙈 Lokacin da anka yi ma yayana aikin ƙaba wadda tam murɗe, dare na biyu yar riƙa roƙona da Allah da Annabi. Zahin Afrilu, ba wuta, leɓonai duk ya tsage. Nis sayo hura mai ƙanƙara wajen Dandima niz zuba ga gorar ruwa. Ya sha rabi. Kahin asuba ya amayo ta duk bisa zanen gado, ciki ya yi tudu, anka maido robar hanci. Nas tat tambaye ni, nir rantse ruwa na. Tad ɗauko gorar tas shinshina.

Hajiya Matron: Ka gani ko, Dakta? Ga shaidata ta kawo kanta.

Dakta Sanusi: Na sallama a kan Bashar 😅 Amma hanjin da ya murɗe ya toshe daban yake, kuma "da wuri" ba ya nufin rabin gorar fura. Kurɓi ne, a jira, a ga ko zuciya ta tashi, kuma da izinin wanda ya yi aikin.

Maman Ikilima: To ciwon bayan nawa fa? Kun tsallake shi.

Dakta Sanusi: Ban tsallake ba. Wurin da aka soka yakan yi tsami kwanaki kaɗan. Amma ciwon baya na shekaru, an gwada matan da aka yi wa efidural wajen haihuwa da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga bambanci ba. Ciki wata tara, goyo, daka, duƙawa wanki, su ma a tuhume su. Ki je a duba ki, kada ki zauna da shi a kan cewa allura ce ba magani.

Maganar mutuwar ƙafa ta Gwaggo kuwa, ba zan ce ba ta faruwa ba. Tana faruwa, amma da wuya ƙwarai, kuma yawanci in jini ya taru ko ƙurji ya fito a wurin ya danne laka. Shi ya sa muke tsananta tambaya kan magungunan tsinka jini. Abu, Baba na shan wani magani?

Abu Mabera: Na hawan jini, da wani ƙarami da anka ba shi bayan ciwon ƙirji shekara biyu da sunka wuce. Ban san sunanai ba. Sai kuma jiƙe-jiƙen Gwaggo.

Fa'iza Famasi: Yau ɗin nan ka kwashi kwalayen duka ka kai wa likitan, har da jiƙon. In ƙaramin asfirin ne shi kaɗai, yawanci ba ya hana. In kilofidogirel ne, ana dakatar da shi kamar sati guda kafin a taɓa baya, in wafarin ne sai an gwada jini. Kada ku tsayar da komai da kanku, ciwon zuciya ba wasa ba ne. Su za su yanke.

Malam Umaru Gwadabawa: Lokacin ɗana sun ce gishirin fotash na jikinai ya yi ƙasa shi as sa hanji yaƙ ƙi tashi. To ba sai a ba mutum kunun kanwa ba? Ai kanwa ita ta fotash.

Fa'iza Famasi: A'a Malam, don Allah a'a. Sunan ne ya ruɗe mutane. Abin da ya yi ƙasa a jikin yaron fotasiyam ne, kuma gaskiya ƙarancinsa na kwantar da hanji, musamman ga mai amai ko mai robar hanci. Kanwa kuwa mafi yawanta sodiyam ce, dangin gishirin miya. Ga dattijo mai hawan jini da ciwon zuciya, ita ce abu na ƙarshe da za a ba shi. Fotasiyam a ledar ƙarin ruwa ake sa shi, da awo, bayan gwajin jini.

Abin da dangi za su iya yi ba tare da haɗari ba, in likita ya yarda: cingam marar sukari. Tauna tana yaudarar jiki ya ɗauka abinci na tafe. Amfanin ba babba ba ne, amma arha ne.

Bashar Ɗan Wurno: Baba ɗan shekara saba'in da cingam? Ku ba shi goro dai.

Fa'iza Famasi: Goro ana haɗiye shi, Bashar. Kai dai a daina barinka kusa da marasa lafiya.

Dakta Sanusi: Abu, kafin ka sa hannu, ka tambayi likitan abu uku, ba rashin kunya ba ne. Buɗe cikin za a yi ko aikin kyamara ta 'yan huduji? In na kyamara ne, ribar robar ba ta kai haka ba, akwai wasu hanyoyin. Wane ɗaki za a kai Baba bayan aiki, kuma wa zai duba shi da dare? In robar ta ƙi ci, domin takan ƙi ko ta ci gefe ɗaya, me aka tanada? Sannan ku masu jinya: in ƙafa ta ƙara nauyi maimakon ta sake, ko sabon ciwon baya mai tsanani ya taso, ba a jiran safiya. Haka in ciki na ƙara kumbura da koren amai, ko zazzaɓi da bugun zuciya da sauri.

Abu Mabera: Na gode ƙwarai. Buɗewa za a yi. Na kai kwalayen, ƙaramin asfirin na. Na kai Gwaggo wajen likitan da kanta, yan nuna mata robar ga hannu. Tad duba tac ce, "Wagga 'yar tsiriryar?" Ba ta ce ta yarda ba, amma ta bar cewa a'a. Baba ya dangwala.

Hajiya Matron: Allah ya sa a yi a sa'a.

Maman Ikilima: Amin. A riƙa sanar da mu.

Abu Mabera: Jama'a, ku yi haƙuri da shiruna, yau Alhamis. An yi aiki Litinin, awa huɗu. Da yaf farka bai yi kukan ciki ba, robar hitsari ɗai ad damuwatai. Amma daren hwarko jini yas sauka, nas tat tsai da maganin baya tas sa ruwa, tak kira likita. Kahin a maido shi zahi ya dawo, Baba na cizon zane, anka yi mai allura guda ga hannu, yay yi amai sau biyu. Gwaggo na kallona ba ta ce komi ba, wanda ya hi magana ciwo. Da sahe likitan yaz zo yar rage ƙarhin maganin yam maida. Talata da la'asar munka tada shi zaune, yat taka daga gado zuwa ƙohwa, ni ga dama nas ga hagu, shina ta hwaɗan mun hana shi hutawa. An ba shi shayi cokali-cokali.

Daren Talata wajen ƙarhe ukku ina kwance bisa tabarma ƙasan gado, sai nij ji ya taɓa ni da ƙahwa. Yac ce a hankali, "Abu, tashi ka hwaɗa ma yarinyar nan abin da take ta tambaya ya samu."

Bashar Ɗan Wurno: Allahu Akbar 😂😂 A yi walima!

Hajiya Matron: Alhamdu lillahi. Nas ɗin nan da ta tsayar da magani ta kira likita, ka nemo ta ka yi mata godiya da kyau. Bayan gida fa?

Abu Mabera: Jiya da dare, kaɗan. Yau ya sha kunu rabin kohi. Gwaggo na ta hwaɗa ma masu zuwa dubiya rubutun da tas shahwa mai ga goshi shi at tada hanjin.

Dakta Sanusi: Ka bar mata. An cire robar bayan?

Abu Mabera: Sun ce sai da rana. Wai an yi mai allura ga ciki ta hana daskarewar jini jiya da dare, sai ta cika awa 12.

Dakta Sanusi: Daidai ne. Ka tabbata an ba shi maganin zafi na baki kafin na bayan ya sake, kada ya shammace shi da dare. Kuma ko bayan an cire, ku ci gaba da lura da ƙafafun har gobe.

Bashar Ɗan Wurno: Ina nan tahe dubiya bayan la'asar. Mi za ni kawo?

Hajiya Matron: Hannunka biyu. Abu, ka caje shi a ƙofa.